Rawar kamfanonin wallafa wasanni a kasuwar na'urorin wasannin bidiyo

A kasuwar na'urorin wasannin bidiyo, kamfanonin da ke ƙera na'ura, irin su Sony da Nintendo da Microsoft, sun dogara ne da kamfanoni masu zaman kansu waɗanda ke shirya wasanni su wallafa. Waɗannan kamfanoni kan nemi lasisi, su riƙa biyan mai na'ura wani kaso na cinikinsu, wanda a shagunan intanet yawanci kashi 30 cikin ɗari ne. Shi ya sa mai na'ura kan sayar da ita da 'yar riba kaɗan, ko ma da faɗuwa, ya mayar da kuɗinsa ta hanyar wasanni.

Kamfanin Activision ne na farko a wannan sana'a. Wasu tsofaffin ma'aikatan Atari ne suka kafa shi a shekarar 1979. Daga baya wasanni marasa inganci suka cika kasuwa, abin da ya taimaka wajen durƙushewarta a Amurka a 1983. Da Nintendo ya shigo da na'urarsa ta NES ƙasar a 1985, sai ya gindaya sharuɗɗa masu tsauri: kowane kamfani ba zai fitar da fiye da wasanni biyar a shekara ba, kuma Nintendo ne kaɗai zai ƙera kaset ɗin wasan.

Sony ya ci moriyar ƙorafin da wannan tsari ya haifar. Na'urarsa ta PlayStation, wadda ta fito a Japan a 1994, tana amfani da faifan CD, wanda ya fi kaset arha da ɗaukar bayanai. Hakan ya sa kamfanin Square ya juya wa Nintendo baya, ya fitar da Final Fantasy VII a kan PlayStation a 1997. An sayar da PlayStation fiye da miliyan 100, yayin da Nintendo 64 ta tsaya a kimanin miliyan 33.

Rashin irin wannan goyon baya na cikin abubuwan da suka kayar da Dreamcast ta kamfanin Sega. Electronic Arts, mai shahararrun wasannin ƙwallo, bai yi mata wasa ko ɗaya ba. A 2001 Sega ya daina ƙera na'ura, ya koma wallafa wasanni ga abokan hamayyarsa na da.

A 'yan shekarun nan, masu na'ura sun koma sayen kamfanonin ɗungurungum. A Oktoban 2023 Microsoft ya kammala sayen Activision Blizzard a kan kimanin dala biliyan 69, bayan doguwar taƙaddama da hukumomin hana babakere na Amurka da Birtaniya. Kafin nan sai da ya ƙulla yarjejeniya da Sony cewa wasan Call of Duty zai ci gaba da fitowa a kan PlayStation har tsawon shekara goma.