Daga Kunne Zuwa Kwamfuta: Kanikanci a Ƙasar Kura da Bunkure

Ruwan Tiga ne ya kawo kanikanci ƙasarmu. Kafin gwamnatin Audu Bako ta datse Kogin Kano, aikin da aka kammala a 1974, abin da manomin Kura ko Bunkure yake kai wa gyara bai wuce garma da fartanya ba, sai ko keke, kuma maƙeri da mai faci sun ishe shi. Da aka fara noman rani a Kadawa, aka ja kanal zuwa gonaki, Hukumar Raya Kogunan Hadeja da Jama'are da aka kafa a 1976 ta karɓi ragamar aikin, sai ga taraktoci suna kaftun alkama, ga motoci suna jigilar taki. Kowane inji da mai gyaransa yake tafe. Daga baya ƙananan injinan ban-ruwa da injinan casar shinkafa suka cika gari, gareji ya yi ta tsirowa a bakin titin Zariya.

Maigidan da na yi wa yaron gareji, Allah ya jiƙansa, a kan Massey Ferguson da akori-kurar Peugeot 504 ya ƙware, wadda ake haɗawa a Kaduna a wancan lokaci. Bai yi karatun boko ba, amma in ka tayar da mota yana daga cikin rumfa zai gaya maka fulogin da ba ya ci. Yakan ɗora bakin sukundireba a jikin inji, ya kara ƙotar a kunne, ya yi shiru. Saitin kafireta kuwa da yatsa biyu yake yi, yana juya noti kaɗan-kaɗan yana shinshina hayaƙin salansa. Abin da na fi tunawa da shi dai shi ne ba ya sallamar mota daga tsaye. Sai an loda mata buhuna, an hau titi da ita har Kwanar Ɗangora an dawo, ya kwance fulogi ya duba launinsa. In ya yi baƙi, mai ya yi yawa. In ya yi fari fat, mai ya yi kaɗan, inji zai ƙone. Wannan shi ne awonsa, kuma ba ya tsallake shi ko mai mota na sauri.

A lokacin nan Turai ta riga ta sauya hanya. Tun 1979 kamfanin Bosch na Jamus ya fito da Motronic, ƙwaƙwalwa guda da ke auna mai da lokacin wuta tare. Amurka ta wajabta OBD-II a 1996, wato wannan soket mai haƙora 16 da ke ƙasan sitiyari, Turai ta bi sahu a 2001 ga motocin fetur. Mu sai da motocin Kwatano suka fara kwararowa muka gamu da abin, kuma ba mu karɓe shi da murna ba. Da yawa cikin kanikawa in injekta ta ba su wahala sai su cire ta su ɗaura kafireta, mai mota ya tafi yana godiya, motar tana shan mai ninki. Masu wayarin ne suka fara ɗaga kai. Su suka sayo na'urorin Launch da Autel na ƙasar Sin, suna jona su suna karanta lambar ciwo, har ya zama yaron da bai taɓa sauke giyabos ba yana gaya wa dattijo abin da ke damun mota.

Karanta ciwo daban, taɓa ƙwaƙwalwa daban. Abin da ke cikin ƙwaƙwalwar nan fayil ne mai ɗauke da jadawali barkatai: in inji yana juyi kaza da nauyi kaza, ga yawan man da za a fesa, ga lokacin da wuta za ta tashi, ga iyakar iskar da turbo zai tura. Ana zuƙo fayil ɗin da na'ura irin KESS ko K-TAG na kamfanin Alientech na Italiya, a buɗe shi da manhaja kamar WinOLS ta Jamus ko ECM Titanium, a sauya lambobi, a mayar. Akwai kuma lissafin tantancewa da ƙwaƙwalwar ke yi wa kanta. In manhajar ba ta gyara shi daidai ba, mota ba za ta tashi ba. Haka in batir ya yi sanyi ana tsakiyar rubutu.

Na asalin waɗannan kaya suna da tsada, don haka abin da ya fi yawo a hannun samari kwafi ne da fasasshiyar manhaja, da fayilolin da wani ya tura wa wani ta WhatsApp, ba a san a jikin wace mota aka ciro su ba. Masu mota kuma suna da buƙatu na gaske. Tun da aka janye tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, kowa tambayarsa a rage masa shan mai. Masu dizal suna so a kashe musu matatar hayaƙi, domin an ƙera ta ne don tsaftataccen man Turai, namu kuwa ya daɗe da yawan sulfa, shi ya sa take toshewa. Ina ganin uzurinsu, amma hayaƙin da matatar ta daina riƙewa ƙirjin yaran bakin titi yake shiga. Wanda yake ganin lamba a fayil ƙaramin abu ce ya tuna Volkswagen: a 2015 aka gano manhajar da ke yaudarar gwajin hayaƙi a motoci kusan miliyan 11.

Abin da ke ci mini rai shi ne rashin gwaji. Na ga motar ɗaukar kaya da aka ƙara wa ƙarfi da fayil ɗin da aka tsara don sanyin Turai, ta yi lodin kwandunan tumatir a Kwanar Gafan za ta Legas cikin zafin Afrilu, fistin ya narke kafin ta fita Kaduna. Tumatir ba ya jiran kanike. Asarar ta faɗa kan manoman da suka kwana suna ban-ruwa, mai kwamfuta kuwa ya riga ya karɓi kuɗinsa.

Alhali gwada waɗannan kaya ba ya buƙatar dukiya. Sabuwar na'ura ko manhaja, a fara da ƙwaƙwalwar da aka sayo ta gwanjo a Kofar Ruwa, a kan tebur, ba a jikin motar mutane ba. A karanta fayil sau biyu a gwama; in sun bambanta ko da lamba ɗaya, na'urar ba abin yarda ba ce. A mayar da fayil ɗin asali ba tare da an taɓa komai ba, a ga ko ƙwaƙwalwar ta farka. A buɗe shi da manhaja biyu, a ga ko sun yi ittifaƙi a kan inda jadawalin mai yake, domin fasasshiyar manhaja takan nuna jadawalin turbo a matsayin na mai. A adana na asalin a wuri biyu da lambar motar, a ba mai mota kwafinsa, haƙƙinsa ne. Sannan a sauya abu ɗaya kawai, a yi lodi, a hau titi da na'ura a jone ana kallon zafin inji da hayaƙi. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Ƙungiyar kanikawa ta NATA tana da rassa da shugabanni, kuma tana yaye yara. Ina roƙonta ta sa wannan gwaji cikin sharuɗɗan yaye duk yaron da zai riƙe kwamfuta a gareji. Ku kuma direbobi da manoman da kuka haɗa kuɗi kuka sayi mota, kafin ku miƙa makulli ku tambayi mai gyara inda ya taɓa gwada na'urarsa, kuma kada ku bar garejin sai da fayil ɗinku na asali a hannu.