Kaset mai shafuwa: tarihin wata dabara tsakanin haya da saye (1986-2007)

1. Gabatarwa

Wannan ƴar takarda tana duba tarihin kaset ɗin wasan bidiyo wanda ake iya shafewa a sake zuba wani wasa a ciki. Kaset na asali rubutu ɗaya yake ɗauka: abin da masana'anta ta zuba, shi zai zauna har abada. Mai shafuwa kuwa kamar allon almajiri yake, a wanke a rubuta sabon karatu. Abin da muke son nunawa shi ne, dokar haya ta kowace ƙasa ce ta tsara hannun da wannan dabara ta faɗa.

2. Japan: mai wasa ya riƙe alƙalami

A 1984 Japan ta gyara dokar haƙƙin mallaka, ta ba mai haƙƙi ikon hana a ba da hayar aikinsa. Saboda haka kantunan hayar wasanni ba su samu gindin zama ba. A 1986 kamfanin Nintendo ya fito da Famicom Disk System, mai aiki da faifai, ya kuma dasa injuna masu suna Disk Writer a kantuna. Yaro ya kawo faifansa, ya biya yen 500, a shafe tsohon wasa a rubuta masa sabo. Wato kamfanin da kansa ya ba da araha irin ta haya, kuɗin kuma suka bi ta hannunsa.

3. Amurka: mai haya ya nemi alƙalami

A Amurka lamarin ya sha bamban. Nintendo ya kai kamfanin haya na Blockbuster kotu a 1989, amma kan kwafe littattafan bayanin wasa kaɗai, domin hayar kaset kanta doka ba ta hana ba. Dokar 1990 da ta hana hayar manhajar kwamfuta ta ƙyale wasannin da ake bugawa a injin wasa na gida. Matsalar mai haya ita ce kaya: sabon wasa ya ƙare a kanta ranar da ake rububinsa, tsoho kuma ya yi kwantai. A 1994 Blockbuster da Sega suka gwada magani ta hannun New Leaf, kamfanin haɗin gwiwar Blockbuster da IBM. A wasu kantuna na birnin Columbia, jihar Karolina ta Kudu, ana rubuta wasan Genesis da mutum ya nema a kan kaset mai shafuwa, ya tafi da shi, ya maido. Gwajin bai yaɗu ba. A 1995 injunan Saturn da PlayStation suka shigo Amurka da faifan CD, wanda bugunsa ya fi kaset araha nesa ba kusa ba.

4. Komawa Japan

Dabarar ta fi daɗewa a inda mai wasa ke riƙe da ita. A 1997 Nintendo ya buɗe tsarin Nintendo Power a kantunan Lawson: mutum ya sayi kaset wayam na Super Famicom kan yen 3,980, mai iya ɗaukar ƙananan wasanni har 7, sa'an nan ya biya kuɗin kowane rubutu. A 2000 aka ƙara na Game Boy. An rufe tsarin a Fabrairun 2007.

5. Matsalar suna

A Hausa, aro shi ne a ba ka abu kyauta ka maido shi. Haya, ka biya ka maido. Rance, ka maido kwatankwacinsa. Saye, abu ya zama naka. Tsarin Blockbuster haya ne ba gardama. Na Lawson bai shiga ko ɗaya ba: kaset naka ne, amma in wuri ya cika, sabon wasa ba ya shiga sai wani ya fita, wanda ya fita kuma sai ka sake biya. Muna ba da shawarar a kira abin da ake biya "ladan rubutu".

Wannan bambanci yana da nauyi ga mai adana tarihi. Wasu wasanni, kamar Super Famicom Wars na 1998, ta wannan hanya kaɗai suka fito a zamaninsu. Kwafinsu na asali ya rage ne kawai a kaset ɗin da masu su ba su shafe ba.