Daga Majigi Zuwa Dikoda: Tarihin Eriyar Gora a Ƙasar Haɗejiya

Maƙalarmu ta wannan mako a kan wani abu ne da idonmu ya saba da shi har muka daina lura, wato doguwar gorar nan da ake ɗaura wa eriya a ka, a jingina ta da katanga ko a ɗaure ta a jikin darbejiya. Har gobe ana ganin ta a tsofaffin unguwannin Haɗejiya da Malam Madori da Kafin Hausa, wata ta karkace, wata an bar wa tsuntsaye. Wannan gora tana da tarihi, kuma tarihinta shi ne tarihin nisan da ke tsakaninmu da inda ake watsa labari. Yanzu da ake ta batun komawa talabijin na dijital, ya kamata mu san inda aka fito, don kada a sake barin mutanen fadama a baya.

Kafin talabijin, hoto mai motsi a mota yake zuwa ƙasar Hausa. Turawan mulkin mallaka sun kafa sashen shirya fina-finai na ƙasashen da suke mulka a 1939, daga baya gwamnatin Jihar Arewa ta ci gaba da aika motocin majigi gari-gari. Motar takan zo da injinta na wuta da farin ƙyalle, a kafa a ƙofar fada ko filin kasuwa bayan magariba, a nuna fim ɗin tsafta ko na noma, irin su Baban Larai, wani ma'aikaci yana bayani da Hausa ta lasifika. A wancan tsari, hukuma ce ke ɗauko hoto ta kawo wa talaka har garinsu. Da talabijin ya zo sai al'amarin ya juya: tasha tana zaune a babban birni, kai ne za ka san yadda za ka yi ka kamo ta.

Tashar talabijin ta farko a Najeriya ita ce WNTV ta Ibadan, wadda gwamnatin Cif Obafemi Awolowo ta buɗe ranar 31 ga Oktoba, 1959. Jihar Gabas ta bi sahu a Inugu a 1960. Gwamnatin Sardauna, Sir Ahmadu Bello, ta buɗe Rediyo Talabijin Kaduna a 1962. Tashar Jos ce ta fara nuna hoto mai kala a 1975, sannan a 1977 gwamnatin soja ta haɗe duk tashoshin ƙasar a ƙarƙashin hukuma guda, NTA. A jamhuriya ta biyu jihohi suka sake samun damar kafa nasu, shi ne Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi ya kafa CTV 67 a Kano, wadda yanzu ake kira ARTV don tunawa da shi. A lokacin nan Haɗejiya tana cikin Jihar Kano, domin sai ranar 27 ga Agusta, 1991 aka ƙirƙiro Jigawa. Ke nan tashar jiharmu ce a takarda. Samun ta a akwati kuwa wani aiki ne daban.

Dalili shi ne, siginar talabijin ba irin ta rediyon gajeren zango ba ce, wadda ke haurawa sama ta dawo ƙasa a wata nahiya, shi ya sa iyayenmu ke jin Landan da Bon a cikin bukkar gona. Siginar talabijin kusan a miƙe take tafiya kamar hasken tocila, duniya kuma a lanƙwashe take. Injiniyoyi suna da lissafin wannan. A ce ƙarfen tasha ya kai tsawon mita 300, wanda dogo ne ƙwarai, siginarsa za ta yi tafiyar kimanin kilomita 70 kafin doron ƙasa ya tare ta. Eriyar da ke kan rufin ɗaki mai tsawon mita 4 za ta ƙara kamar kilomita 8. Idan aka ɗaga ta zuwa mita 16 sai ƙarin ya zama kilomita 16. Duka-duka dai ba a kai kilomita 90 ba. Alhali daga Kano zuwa Haɗejiya, a miƙe ba ta hanyar mota ba, kusan kilomita 170 ne, daga Dutse ma ya ɗara 100. Saboda haka muddin babu wata ƙaramar tasha a tsakani da za ta karɓa ta ƙara turowa, abin da ke isowa nan ragowar sigina ne kawai, guntun gatarin da aka ce ya fi sari ka ba ni. A kan wannan ragowa aka yi ta haɗa gora biyu ko uku ana ɗaurewa da waya.

Ita kanta eriyar mai kama da ƙayar kifi ba a nan kusa aka ƙirƙiro ta ba. Wasu malamai biyu ne na jami'ar Tohoku da ke birnin Sendai a ƙasar Japan, Shintaro Uda da Hidetsugu Yagi, suka fito da ita a 1926. Sanda ɗaya ce kawai a cikin sandunan ke haɗe da waya. Doguwar da ke bayanta tana maido da sigina gaba, gajerun da ke gabanta kuma suna tattaro ta kamar mazurari. Wannan ne ya sa take ji daga nesa, kuma shi ne ya sa ba ta ji sai ta fuskar da aka saita ta. Daga nan aka samo aikin yaron gida na juya gora, na cikin ɗaki suna ƙwala masa kira, "Ƙara kaɗan! Koma baya! Tsaya nan, ya yi!" Tsawon sandunan ma ba na ado ba ne. Yawancin tsofaffin tashoshin NTA a zangon VHF suke, masu bukatar dogayen sanduna, tashoshin jihohi irin su CTV kuwa a UHF, masu gajerun sanduna. Gidan da ke son duka biyun sai ya ɗaura eriya biyu a gora ɗaya.

Yanayin ƙasarmu ya taimaka ta wani gefe, ya cutar ta wani. Daga Auyo har Guri da Kirikasamma ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, babu dutsen da zai tare sigina, ba kamar Dutse da Birnin Kudu ba. Sannan a dararen hunturu, idan iskar ƙasa ta yi sanyi ta sama kuma tana da ɗumi, sigina takan lanƙwaso ta bi doron ƙasa ta wuce iyakarta ta kullum. Shi ya sa tashar da aka yini ana nema takan fito tas da dare ko da sassafe, rana na ɗagawa ta ɓace. Damina kuwa akasin haka ce. Jiƙaƙƙen ganyen mangwaro da darbejiya yana shanye siginar UHF, iska tana kayar da gora, ruwa yana shiga bakin waya ya yi tsatsa. Duk da haka an kalli Samanja da Karambana da Karkuzu da Kuliya Manta Sabo, an kalli fina-finan Indiya da wasannin ƙwallo, sau da yawa da baƙi-da-farin akwati mai aiki da batirin mota, unguwa guda a tsakar gida ɗaya. Falalar tsohon tsari na analog ke nan: komai raunin sigina za ka samu wani abu, ko hoto dishi-dishi, ko murya ba hoto.

A 2006 ƙasashen Afirka da Turai da Gabas ta Tsakiya suka haɗu a Janeba ƙarƙashin Hukumar Sadarwa ta Duniya, ITU, suka amince a bar analog a koma dijital, aka sa ranar 17 ga Yuni, 2015 ta zama wa'adi. Dalilai biyu ne manya. Na farko, layin da a da yake ɗaukar tasha ɗaya, a dijital zai ɗauki sama da goma. Na biyu, layukan da aka rage za a ba kamfanonin wayar salula su yi intanet da su. Layi na 67 ma da CTV ta samo sunanta daga gare shi yana cikin waɗanda duniya ta amince a sakar wa wayar hannu. Najeriya ta sa wa kanta wa'adin 2012 a zamanin Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa, ba ta cika ba. Na 2015 ya wuce, na 2017 ma haka. An fara gwaji a Jos a watan Afrilun 2016 da dikodar da aka sa wa suna FreeTV, sai Abuja a ƙarshen shekarar, Ilori da Kaduna a 2017, Inugu da Oshogbo a 2018, Legas da Kano a 2021. Wurare takwas ke nan cikin shekara biyar, babu Jigawa a ciki.

Kafin gwamnati ta gama shiri 'yan kasuwa sun riga ta. StarTimes ta shigo da haɗin gwiwar NTA a 2010, GOtv ta biyo baya a 2011, dukkansu da dikoda da ƙaramar eriya da kuɗin wata. Su ma manyan birane suka fara nufa, inda masu biya suke. Mutanen karkara sai suka koma ga dish, domin tauraron ɗan Adam yana can sama da nisan kimanin kilomita 36,000, ba ruwansa da lanƙwasar ƙasa, yadda yake ganin Kano haka yake ganin Baturiya. Da Arewa24 ta fara watsa shiri kyauta ta tauraro a 2014, Daɗin Kowa ya sayar da dish a ƙauyuka fiye da duk wata talla.

Sai dai dijital ya zo da hali irin nasa, wanda duk mai eriya ya kamata ya sani. Ba shi da tsaka-tsaki. Idan sigina ta kai ma'auni, hoto zai fito garau kamar kana bakin tasha. Idan ta gaza ko da kaɗan ne, sai hoto ya daskare, ya farfashe gida-gida, ya ɗauke gaba ɗaya. Ragowar siginar da iyayenmu suka yi maneji da ita shekara da shekaru ba ta da amfani a sabon tsari. Wanda ke gefen iyakar tasha, ko dai ya gyara eriyarsa sosai ko ya zauna ba komai.

Waɗanda abin ya fi shafa su ne mutanenmu da ba sa zama wuri ɗaya. Masunta kan yi makonni a sansani a bakin ruwa. Manoman rani kan tare a bukkokin fadama lokacin shinkafa da alkama. Makiyaya suna bin ciyawa, ga kuma waɗanda ambaliya ke tayarwa, kamar yadda aka gani a 2020 da 2022, su koma makarantu da tudun bakin titi. A ƙasashen Turai da Amurka masu yawon hutu da gidan-mota suna da irin wannan matsala, duk inda suka yada zango sai sun sake neman tasha. Su nishaɗi ya fitar da su, namu kuwa neman abinci ne ko gudun ruwa, amma dokar sigina ɗaya ce.

Abin da shekarun gora suka koyar har yanzu yana aiki. Tsawo ya fi tsada amfani: eriya mai araha a kan doguwar gora ta fi mai tsada a bakin taga. A kafa ta a fili ko kan tudu, kada bishiya ta shiga tsakaninta da fuskar tasha. Kowace dikoda tana da shafin da ke nuna ƙarfin sigina da ingancinta, to inganci za a duba, a juya gora a hankali ana dakatawa, domin dikoda tana ɗan jinkiri kafin ta nuna canji. Waya ta zama mai kauri kuma gajeriya gwargwadon hali, ba mai haɗi-haɗi ba, a naɗe bakinta da salatif saboda ruwa. Busta tana da amfani ne idan an ɗaura ta can sama kusa da eriya, kuma ba ta ƙirƙiro siginar da babu ita. Duk sanda aka canza wuri a sake sa dikoda ta nemo tashoshi. Yawancin ƙananan dikododi da batiri mai bolt 12 suke aiki, ƙaramin faifan sola ya ishe su, amma fitilun LED marasa kyau da inbata mai arha kan yi musu hayaniya, a nisanta su da wayar eriya. Idan hadari ya taso a zare wayar daga akwati, domin a fadama gorarka ce mafi tsawo, kuma kada a taɓa ɗaga ta kusa da wayar lantarki. Inda aka yi duk wannan bai kama ba, ba laifin eriya ba ne, an fita daga hurumin tasha, sai dish.

Wani zai ce ina ruwan masunci da talabijin ga waya a hannunsa. Waya sai da data, data sai da kuɗi, sabis kuma ba ko'ina yake ba a cikin kacala. Talabijin na iska kyauta yake zuwa, mutum talatin su kalli akwati ɗaya. Mu da ke zaune a ƙasan madatsun Tiga da Challawa, sanarwar sakin ruwa da hasashen damina ba labarin nishaɗi ba ne a wurinmu, wani lokaci su ne tsakanin kwashe shinkafa da asarar ta. Layukan da aka karɓe daga talabijin aka ba kamfanonin waya dukiyar jama'a ce, har da mu. Adalci shi ne a cikin ribarsu a kafa ƙarfen dijital da zai wadaci ƙananan hukumomi takwas na masarautar Haɗejiya, a sa tashar jiha da ta tarayya a ciki kyauta. Wannan magana ce da ya dace wakilanmu na Dutse da Abuja su riƙa ji daga bakinmu duk sanda suka zo gida.

Iyayenmu da yayyenmu da suka ga zamanin majigi da akwatin farko a garuruwansu, muna roƙon ku ba mu labarin wane gida ne, wace shekara, kuma wace tasha aka fara kamawa, don mu rubuta kafin ya ɓace. Allah ya kai mu mako mai zuwa lafiya.