Daga Garamar Fatake zuwa Kuɗin Fiton Shinkafa

Tun ba a san kwastam ba, fataken Bebeji sun san kuɗin hanya. Agalawan da ke kai tufafi da kanwa Gwanja su sayo goro sukan biya garama ga sarakunan da ayari ya ratsa ƙasarsu, kuma aikin madugu ne ya san inda ake tsawwalawa don a kauce masa. Cikin wannan fatauci Alhassan Ɗantata, haifaffen Bebeji a 1877, ya tashi. Da Turawa suka ci Kano a 1903, su ma suka ɗora nasu harajin a kan ayari, sai a 1907 aka soke shi.

Goro ya ba shinkafa wuri, amma dabarar madugu tana nan. An gama madatsar ruwan Tiga a 1974 don a yi noman rani, sai ga kuɗin man fetur ya sa naira ta yi ƙarfi, kuɗin fito kuma kaɗan ne. Shinkafa 'yar waje ta cika kasuwa, fara tas, babu tsakuwa, 'yar gida ta rasa mai kallonta. Gwamnatin Babangida ta hana shigo da ita a 1985. Bayan shekara goma aka ɗage haramcin, aka sa haraji kashi 100 cikin 100, daga nan aka yi ta hawa da sauka har ya kai kashi 110 a 2013.

Ɗan kasuwa dai ba ya gardama da gwamnati, lissafi yake yi. Da ya ga sauke kaya a Legas zai ninka masa farashi, sai ya juya jirgi zuwa Kwatano, inda harajin bai taka kara ya karya ba. Nan da nan Jamhuriyar Benin, wadda mutanenta ba su damu da turararriyar shinkafa ba, ta shiga sahun manyan masu sayenta daga Tailan da Indiya. Kowa ya san inda buhunan suka nufa: wasu ta Seme, wasu ta Nijar, su biyo Maraɗi su ɓullo Jibiya a kan babura. A ganina harajin 2013 'yan fasa-ƙwauri ya fi yi wa rana.

Manomin shinkafa na Tudun Wada a Kano bai ga canji sosai ba sai da Babban Banki ya hana masu shigo da shinkafa dala a 2015, Buhari kuma ya rufe iyakoki daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Injinan casa suka yawaita a Kano, dillalai suka riƙa bin shanshera har bakin gona.

A Yulin 2024, da tsadar abinci ta kai intaha, gwamnatin Tinubu ta yafe kuɗin fito na kwana 150 a kan masara da alkama da shinkafar da ba a gama gyarawa ba. Mai awo a birni ya sarara. Amma daga Yako har Doguwa, manoman da suka sayi taki da tsada sun kai amfaninsu kasuwa a 2025 sun tarar farashi ya faɗi, wasu ko kuɗin takin ba su mayar ba.