Aikin Katako: Daga Sana'ar Neman Abinci Zuwa Aikin Sha'awa

Gabatarwa

A ƙasar Hausa idan aka ga mutum riƙe da gizago, ba a tambayar dalili, an san abinci yake nema. Amma a wasu ƙasashe akan sami likita ko malamin jami'a ya taso daga aiki, ya shiga wani ɗan ɗaki a bayan gidansa, ya ɗauki zarto da guduma ya yi ta fama da katako, alhali ba sayarwa zai yi ba. Wannan maƙala za ta bi diddigin yadda wannan al'ada ta samo asali, sannan ta waiwayi namu gidan.

Asalin Al'adar a Turai

Da farko aikin katako a Turai sana'a ce ta ƙungiyoyin masu aikin hannu, waɗanda ke ɓoye sirrinta ga kowa sai yaran da suka ɗauka koyo. A ƙarshen ƙarni na 17 ne wani Baturen Ingila mai suna Joseph Moxon ya soma buga littafi kashi-kashi yana bayyana kayan aikin kafinta da yadda ake riƙe su. Da haka ilimin ya fito daga rumfar masu sana'a ya shiga hannun duk mai iya karatu. Har sarakuna ba a bar su a baya ba. Sarkin Rasha, Bitrus Babba, ya je ƙasar Holan a 1697 ya yi aikin kafintan jirgin ruwa da hannunsa, kuma bayan ya koma gida ya ci gaba da gurzar katako don nishaɗi.

Sai dai abin bai zama na kowa ba sai a ƙarni na 19, lokacin da injuna suka soma ƙwace aikin daga hannun mutane. Wani abin mamaki shi ne, masana'antun da suka durƙusar da ƙananan kafintoci su ne kuma suka sa kayan aiki suka yi araha. Alal misali, a 1869 kamfanin Stanley na Amurka ya sayi haƙƙin ƙera makankarin katako na ƙarfe wanda Leonard Bailey ya ƙirƙiro, ya yi ta ƙera shi da yawa, har ƙaramin ma'aikaci ya iya mallakar nasa.

Gudummawar Makaranta

Mallakar kayan aiki daban, iya sarrafa su daban. A nan ne makaranta ta shigo. A 1866 ƙasar Finlan, bisa jagorancin Uno Cygnaeus, ta sanya aikin hannu cikin darussan makarantun firamare. A ƙasar Suwidin kuwa, Otto Salomon ya buɗe makarantar horar da malamai a Naas a 1875, inda ya tsara hanyar koyarwa da ake kira Sloyd. Yaro yakan fara da wuƙa kawai, ya sassaƙa ɗan ƙaramin abu mai amfani a gida, daga nan a ƙara masa wani kayan aikin da wani abu mai ɗan wuya, daki-daki har ya kai ga haɗa akwati ko teburi. Salomon bai yi nufin yaye kafintoci ba. Manufarsa ita ce yaro ya koyi haƙuri da tsabtar aiki da dogaro da kai, ya kuma girmama mai aikin hannu. Kafin rasuwarsa a 1907 dubban malamai daga ƙasashe da dama sun sami horo a wurinsa, kuma har yau ana koyar da wannan darasi a makarantun Suwidin.

Yaran da suka taso a haka su ne suka zama magidanta masu ɗakin aiki a gida. Mujallu suka biyo baya: The Woodworker a Ingila a 1901, da Fine Woodworking a Amurka a 1975. A 1979 Roy Underhill ya soma wani shirin talabijin a Amurka wanda ba a amfani da komai a cikinsa sai kayan hannu irin na dauri. Shugaba Jimmy Carter ma, da ya bar mulki a 1981, ma'aikatansa kayan kafinta suka haɗa masa a matsayin kyautar ban kwana. Ya koma garinsu Plains yana ƙera kujeru da kabad, ana gwanjon wasu don tallafa wa cibiyarsa. Ta hannun irin waɗannan masu sha'awa ne dabarun da kasuwa ta yi watsi da su suka tsira.

Waiwaye Gida

Mu kuwa sassaƙa gado ce, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Masassaƙi yakan shiga daji da gatari, ya zaɓi ƙirya don turmi da taɓarya, marke don ƙota, aduwa don allo. Da gizago yake fitar da akushi ko kujerar mata daga gungume ɗaya, ba ƙusa ba haɗi. Kafintanci kuwa, wato haɗa tsagaggen katako da ƙusa, ya yaɗu ne da zuwan Turawa, kamar yadda kalmomin kafinta da teburi da benci suke nunawa. Makarantar da Ɗan Hausa, wato Hanns Vischer, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 tana da sashen sana'o'i, har da aikin katako. Haka kuma tsarin ilimi na 6-3-3-4 da aka soma a 1982 ya sanya aikin katako cikin darasin fasaha na ƙananan sakandare.

Duk da haka al'adar ba ta kama ƙasa ba. A ganinmu dalilin shi ne, an ɗauki darasin a matsayin mafakar wanda karatu ya gagara, shi kuwa ɗan boko ya ɗauka cewa takardar shaida ta raba shi da kanta a tafin hannu. A ɗaya gefen kuma, roba da kwano sun kori akushi, injin niƙa ya rage wa turmi aiki, ƙirya ta yi nisa a daji, 'ya'yan masassaƙa da dama sun kama wasu hanyoyin.

Kammalawa

Tarihin da muka bibiya ya nuna cewa idan kasuwa ta juya wa wata sana'a baya, ba ta rayuwa sai ta sami waɗanda za su riƙe ta don ƙauna. Sassaƙa ba a rubuce take ba, a hannun dattawa take, kuma duk wanda ya kwanta dama da nasa sanin yake tafiya. Saboda haka muna kira ga ɗalibai da malamai, duk wanda ya je gida hutu ya nemi masassaƙin garinsu, ya rubuta sunayen kayan aikinsa da itatuwan da yake zaɓa, sannan ya roƙe shi ya koya masa riƙon gizago, ko da muciya ce ya fara da ita.