Yadda Ake Farfaɗo Da Ƙarfin Ƙaramin Inji Ba Tare Da Kashe Kuɗi Mai Yawa Ba

A Amurka, idan ana batun haɗa inji mai ƙarfi da kuɗi kaɗan, galibi ana nufin injin nan mai silinda 8 da kamfanin Chevrolet ya fara ƙerawa a 1955. An ƙera fiye da miliyan 100 na danginsa, don haka kayan gyaransa suka wadata, suka yi araha. A karkarar arewacin Kano, inda gonaki ke manne da juna daga Minjibir zuwa Bichi da Ɗambatta, injin da ya taka irin wannan matsayi shi ne na ban-ruwa mai silinda ɗaya, wato Honda GX160 da ire-irensa 'yan Sin. Shi ke ɗaga ruwa a fadamu da kewayen madatsun Tomas da Watari, kuma da yawa daga 'yan kasuwa da ma'aikatan birni masu noman rani da shi suka dogara.

Da "ƙarfin doki" ake auna ƙarfin inji, kuma doki ɗaya daidai yake da wat 746. Girman cikin GX160 cc 163 ne, kamfanin kuma na ƙiyasta ƙarfinsa a kan doki 4.8 idan yana juyi 3,600 a minti. Lambar 5.5 ko 6.5 da ake mannawa a jikin na kwaikwayo ta fi kusa da talla. Zafin bazara da tudun Kano ma suna rage wani abu, domin iskar da injin ke shaƙa ba ta kai ta bakin teku nauyi ba.

Injin da ya yi rauni yawanci matsin cikinsa ne ya zube. Alamunsa su ne shuɗin hayaƙi, shan baƙin mai, da igiyar tayarwa da ke zuwa sakwa-sakwa. A yankin da ƙurar hunturu ke cika iska, babban mai laifi shi ne matatar iska da ta yage ko aka cire ta: ƙurar na shiga ta goge ringi da bangon silinda kamar yashi. Bakanike nagari yakan fara da abin da ya fi araha. Zai wanke kafireto, ya sa sabon fulogi da matata, sannan ya saita bawul, wanda a wannan inji tazararsa milimita 0.15 ce a na shiga da 0.20 a na fita. Sau da yawa wannan kaɗai na dawo da ƙarfin. Idan bai dawo ba, sai a kwance inji a sauya ringi da gasket, a wasa bakin bawul. Silindar da ta cinye sosai ana kai ta a faɗaɗa, a sa fistan mai ƙarin milimita 0.25 ko 0.50. Ana samun kayan a kasuwannin Ƙofar Ruwa da Sabon Gari, sai dai ringi da fistan ba wurin neman rangwame ba ne, domin na jabu kan mayar da mutum wajen bakanike kafin tumatir ya nuna.

Akwai dabarar da ya kamata mai inji ya ƙi, ko da an ce kyauta za a yi masa: cire gwamna ko ɗaure shi don injin ya ƙara gudu. Gwamna shi ke hana juyi wuce kima. Idan babu shi, sandar fistan na iya karyewa ta fasa jikin injin, kuma ƙarfen nan mai nauyi da ke juyawa bayan igiya na iya tarwatsewa kusa da mai ban-ruwa. Ribar ma ba ta taka kara ta karya ba. Ƙarin gudun fanfo da kashi 10 cikin 100 na buƙatar ƙarin ƙarfi kusan kashi 33, abin da ke nufin ƙarin fetur, wanda tun janye tallafi a Mayun 2023 ya zama babban nauyi a kan mai noman rani.

Wanda gonarsa ta fi ƙarfin injinsa gara ya koma GX200 mai cc 196. Faɗin silindarsu ɗaya ne, milimita 68, amma tafiyar fistan ta ƙaru daga 45 zuwa 54, kuma irin wannan hanya Amurkawa ke bi su mayar da injinsu na 350 ya zama 383.

Bayan kowane babban gyara, a juye baƙin mai idan injin ya yi awa 20, daga nan kuma duk awa 100, ko ƙasa da haka lokacin ƙura.