Cin Rani Jiya da Yau a Ƙasar Karaye da Rogo

Yau hirar tamu a kan abin da kowace mace a ƙasar Karaye da Rogo ta sani ne. Da an gama girbi an kai amfani rumbu, sai ki ga maigida ya fara ɗaure jaka, samarin unguwa kuwa sun yi tasha. Daga nan har faɗuwar damina, gari sai tsofaffi da mata da yara. To, yaushe wannan tafiya ta samo asali, kuma me ya sauya a cikinta?

Shi kansa sunan ya faɗi dalili. Cin rani, wato mutum ya je ya cinye watannin rani a wani wuri, don hatsin rumbu ya kai iyali damina. Baki ɗaya ya ragu a gida, in an dace kuma a dawo da ɗan abin hannu. Tun kafin Bature ana yinsa: almajirai su bi malaminsu, masaƙa da dukawa su nufi garuruwan da ake ciniki, fatake su kora jakuna har Gwanja sayen goro.

Da Turawa suka ci Kano a 1903, sai haraji ya koma na tsabar kuɗi. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, dalar gyaɗa ta tashi. Wanda ya samu gyaɗa ya biya haraji da ita, wanda bai samu ba sai ya nufi birni dako ko ga-ruwa, ko ya wuce Jos haƙar kuza. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ma, daga 1942 zuwa 1944, tilas aka riƙa ɗibar mutane daga lardunan Arewa zuwa ramukan kuzar. Amma duk da haka ƙa'idar ba ta sauya ba: hadari na haɗowa, kowa zai kamo hanyar gida da galmarsa a rai.

Sauyin ya zo ne a shekarun 1970. An yi fari daga 1972 zuwa 1974, cuta ta kashe gyaɗa a 1975, ga kuma kuɗin man fetur sun cika birane da gine-gine. Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali bayan ya hau mulki a 1979, amma tafiya ba ta tsaya ba, don yanzu ba haraji ke korar mutane ba. Agege da Mile 12 a Legas, Sabo a Ibadan, daga baya kuma Abuja, duk suka zama kamar unguwanninmu.

To me ke korar su? Ku saurari lissafi. A ƙidayar 1963 mutanen Nijeriya sun ɗan haura miliyan 55. A ta 2006 sun kai miliyan 140, yau kuwa an wuce miliyan 200. A wannan ƙidaya ta 2006, ƙaramar hukumar Karaye tana da mutum sama da dubu 140, Rogo sama da dubu 220. Mutane na ƙaruwa, alhamdu lillahi, amma gona ba ta haihuwa. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai, an raba wa 'ya'ya, an sake raba wa jikoki, har ta koma 'yar fegin da ba za ta ciyar da gida shekara ba. Ga tsadar taki. Shi ya sa tafiyar wata huɗu ta zama ta wata goma, wani ma sai da salla ake ganinsa. Ba mu kaɗai ba ne, haka abin yake a Indiya da Masar da sauran ƙasashe masu tasowa, har yau fiye da rabin mutanen duniya a birane suke zaune.

Birnin ma ba shi da tabbas. An hana acaɓa a cikin birnin Kano a 2013, an hana a manyan sassan Legas a 2022. Rana ɗaya sana'ar dubban magidanta ta tsaya, kuma a tukunyarki aka fara jin zafin abin.

A nan nake so mu tsaya, 'yan'uwa. In ana ba da tarihin cin rani, maza ake ambata, alhali rabinsa a tsakar gida aka yi shi. Wata Baturiya mai bincike, Polly Hill, da ta zauna a Batagarawa ta ƙasar Katsina, ta rubuta cewa akwai babbar kasuwa ɓoyayyiya a cikin gidajen kulle, inda mata ke sayar da hatsi da abinci ba tare da sun taka waje ba. Ƙuli-ƙulinki da man gyaɗa, daddawa, ɗinkin hula, kiwon akuya da adashi, su ne ke riƙe gida kafin saƙo ya iso. Da can wasiƙa ko kaset ake ba direba, yanzu waya ce da mai POS, amma mai lissafin kwanon masara ba ta sauya ba.

Don haka ga shawara. Kafin maigida ya tafi, ku zauna cikin ladabi ku ƙidaya abin da ke rumbu, ku san wata nawa zai kai. A yanke abin da zai riƙa aikowa, a kuma san wanda za a nema in ciwo ko haihuwa ta taso da dare. Ciyarwa haƙƙinki ne a addini, tambayarsa ba rashin kunya ba ce. Jarinki kuma kada ki bari cefane ya cinye shi duka. In an matsu, kada mafita ta zama cire yarinya daga makaranta a tura ta aikatau birni, don wannan tafiyar ta fi ta ubanta haɗari.

Kuma ku tuna wa mazajenku da samarinku cewa ƙasar nan tana da ruwa. Madatsar ruwa ta Challawa da aka gama a 1992 a ƙasar Karaye take. Gina ta ya tashi ƙauyuka, ya cinye gonaki, amma ya kawo kamun kifi da noman rani. Wanda ya samu fili a bakin ruwa ya shuka tumatir da albasa, ya ci raninsa ke nan a gida, yana ganin tarbiyyar 'ya'yansa. Hausawa dai sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Allah Ya tsare matafiyanmu, Ya dawo mana da su lafiya, Ya sa albarka a abin da suka samo. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. A huta lafiya.